Littafin Baƙin Mama Sanaria

Shekara tara na yi ina yi wa mahaifiyata ƙarya da rana tsaka, da littafi buɗe a kan cinyata. Ba da wannan na so in fara ba, amma duk ta inda na ɗauko labarin Mama Sanaria nan yake komawa, don haka gara in faɗa tun da wuri in huta.

Gidanmu yana bakin ruwa a tsibirin Neira, barandarsa tana fuskantar wani dutse mai aman wuta. Tsakaninmu da shi tafiyar minti goma ce a kwale-kwale. Turawa suna baro ƙasashensu, su kwana a jirgin ruwa, don kawai su zo su hau shi, su leƙa ramin da ke hayaƙi, su sauko da gwiwoyi a kumbure. Mu kuwa shanya muke dubawa da shi. Mama ba ta taɓa kiran sa da sunansa ba, Tsoho take ce masa. In gajimare ya rufe kansa sai ka ji ta daga kicin, "Lela, Tsoho ya sa hula, kwashe gyaɗar ƙamshin nan kafin ta jiƙe."

A gindinsa aka haife ta, a wancan ƙetaren, cikin masu noman rogo a gangaren da in garma ta suɓuce maka sai ka bi ta har bakin teku. Ta yi karatun Alƙur'ani, ba ta yi na boko ba. Ta auri babana, La Dumi, masunci, mutum marar magana da ya bar mata surutun gidan gaba ɗaya ita kuma ta riƙe shi da kyau. Ina da wata biyar a duniya dutsen ya yi aman wuta. Ita ba ta ba da labarin wutar, ko tokar da ta mai da safiya kamar magariba, ko yadda mutane suka cika kwale-kwale har ruwa yana shiga. In aka tambaye ta, labarin wata tsohuwa take bayarwa.

An sauke su a Lontor, a babban tsibiri. Tana tsaye a gaɓa da ni a hannu, ba ta san inda babana yake ba, sai wata tsohuwa mai suna Nene Ica ta kama hannunta ta ja ta gida, ko tambayar ta daga ina take ba ta yi ba. Kwana biyu Mama ta kasa sa komai a baki. Tsohuwar ba ta yi mata wa'azi ba. Za ta ajiye farantin, ta zauna kusa da ita, ta cire ƙayar kifin, ta ɗan turo shi, ta ci gaba da zama. A rana ta uku Mama ta ci, don kunyar tsohuwar kawai. "Sai a rana ta huɗu ta tambayi sunana," in ji Mama. Wata uku muka yi a ɗakin matar nan, har babana ya same mu.

Ba su koma ƙetare da zama ba. Babana ya gina gidan nan na Neira da kaɗan da kaɗan, ya rasu a shekarar da na gama kwalejin malamai a Ambon. Ƙannena biyu maza suka tafi neman aiki Sorong, ɗakuna biyu suka zama fanko. Wata rana jirgi ya sauke baƙi fiye da yadda masaukan garin za su ɗauka, sai ga Om Basir, maƙwabcinmu mai kwale-kwale, ya taso wasu Turawa biyu a gaba da jakunkuna sun fi su tsawo. Ya ce, "Sanaria, ga marayu na tsinta a tasha." Daga ranar gidanmu ya zama masauki, ba tare da kowa ya zauna ya yanke shawarar hakan ba.

Sai dai Mama ba ta taɓa fahimtar cewa masauki take da shi ba. Ita dai ta yi baƙi. Kuma a wajenmu baƙo ba ya cin abinci shi kaɗai. Mai gida yana zama kusa da shi, ya kore masa ƙuda, ya lura da farantinsa. In baƙo ya ƙoshi yakan bar 'yar shinkafa a gefe. In ya share farantin tas, to yunwa ce ba ta sake shi ba, kunya ce ta hana shi faɗa, sai a ƙara masa. Ko yaron goye a tsibirin nan ya san wannan. Turawa kuwa, daga baya na gane, tun suna ƙanana ake koya musu cewa barin abinci a faranti rashin tarbiyya ne. To ka haɗa waɗannan biyun a tebur ɗaya. Su share, ta ƙara. Su daure su share, ta ƙara. Ta ja 'yar kujerarta ta katako ta zauna a kusurwar tebur da ludayi a hannu, idonta a kan kowace loma, tana tausaya musu irin yunwar da suka kwaso daga ƙasarsu.

Akwai wani dogon Bajamushe da ta ɗura wa faranti uku na shinkafa da miyar kifi da safe, ga shi zai hau dutsen. Bai kai rabi ba ya dawo. Om Basir ya zo har baranda yana wanke hannu.

"Sanaria, don Allah ki riƙa rage wa mutanen nan. Dutse ɗaya muka sani yana amai a garin nan, yau a jirgina aka yi na biyu."

"Jirginka ne ke warin man fetur. Yaron nan lafiyarsa ƙalau ya bar gidana."

"Da ƙyar ya bar gidanki, ni na ga tafiyarsa."

Ba abinci kaɗai ba. In ta ga Baturiya ta shimfiɗa tawul a rana ta kwanta, sai ta ɗauko lema ta je ta tsaya a kanta, tana faɗa wai wane irin miji ne zai bar mace ta gasu. In ta shiga shara ta tarar da baƙaƙen duwatsun da suka tsinto a saman dutsen don tsaraba, sai ta tattara a leda ta ba Om Basir ya mayar ƙetare, don ba a ɗaukar kayan Tsoho ba da sallama ba. Ranar da jirgi zai tashi kuwa sai ta raka su har tasha, ta cusa musu ƙunshin ɓawon gyaɗar ƙamshi mai sukari a jaka, ta yi ta share hawaye da bakin mayafi, su kuma suna tsaye sun rasa inda za su sa hannuwansu.

Ni ce mai Turancin gidan. Ina koyar da shi a makarantar sakandare da safe, da rana da yamma ina tsakanin Mama da baƙinta. Duk abin da ya fita daga bakinta zuwa kunnensu ta wajena yake bi, haka ma nasu. Ba ta da wata hanyar sanin abin da suke cewa sai ni.

Wata mata 'yar Ostareliya ce ta kawo shawarar a ajiye littafin da baƙi za su riƙa rubutu in za su tafi. Mama ta sa aka sayo babba mai kauri, ta naɗe shi da zane, ta ajiye a kabad tare da farantan Sallah. Duk ranar da jirgi ya tashi, in ta dawo daga rakiya, sai ta dafa shayin kirfa, ta fito baranda da littafin.

"Lela, zo ki karanta min abin da 'ya'yana suka ce."

Ƙaryar farko 'yar ƙarama ce. Wani ɗan Holan ya rubuta cewa abincin gidan ya fi na ko'ina a tsibirin, amma ya yi yawa ƙwarai, kuma uwar gidan tana zama tana kallon bakin mutum har ya kasa haɗiya. Na karanta mata rabin farko. Na ɗago na ga fuskarta, baki har kunne, tana jira, don ta ga rubutun da saura. Sai na ce, "Ya ce kuma ba zai manta da yadda kika zauna da shi ba." A raina na ce ai ban yi nisa da gaskiya ba.

Daga nan hannuna ya faɗa. Mutane da yawa sun rubuta alheri, ba zan ci amanarsu ba, amma har nasu sai na ƙara wa gishiri. Waɗanda suka yi ƙorafi kuwa, kan kallo, kan ɗure, kan shiga ɗaki ba ƙwanƙwasawa, kan duwatsun da suka ɓace, duk na mai da su masoyanta. Wani Bafaranshe mai gemu na sa ya ce ko uwarsa ba ta kai Mama iya dafa kifi ba. Wannan ta fi so. Ta haddace shafin da siffar rubutun, takan buɗe ta shafa shi da yatsa, kuma ba matar da ke zuwa karatun ranar Juma'a da ba ta ji labarin Bafaranshen nan ba.

Da a nan abin ya tsaya, da na ce tausayi ne, in kwanta in yi barcina. Ba a nan ya tsaya ba. Gaskiyar ita ce kunyarta nake ji. In na ga Baturiya ta kalli mijinta ta wutsiyar ido lokacin da ludayin Mama ya sake dosar farantinta, sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ni da na yi Ambon, nake karanta littattafansu, ga uwata tana tsaye a kan mutane da zanen da ke ƙamshin hayaƙi. Sai na samo dabara. Da Turanci, a gabanta, ina murmushi, nakan ce musu, "Ku yi haƙuri, 'yar sandar faranti ta fito aiki. Wanda ke son ransa ya bar loma uku." Sai su fashe da dariya, kafaɗunsu su sauka. In ba su labarin lema, in ba su na duwatsu, in kwaikwayi tafiyarta da kukanta na tasha. Na koya musu yadda za su zura wa mage kifi ta ƙarƙashin tebur. Na iya ba da labari, kuma da na ga yana shiga sai na riƙa ƙawata shi.

"Me suke wa dariya?" Mama za ta tambaya.

"Labarin Om Basir nake ba su."

Sai ita ma ta kama dariya, tana rufe baki da mayafi saboda haƙorinta na gaba da ya fita. "Gaya musu ranar da ya faɗa ruwa da sabon wando," za ta ce. In juya in ce musu wani abu daban, su ƙara shewa.

Sau ɗaya tak na gwada gaya mata gaskiya. Muna wanke-wanke na ce, "Mama, Turawa fa sun fi son a ajiye musu abinci a ba su wuri."

Ta dube ni kamar na zagi wani. "Akuya ake zuba wa a juya baya. Waɗannan mutane ne, uwayensu suna can nesa."

Ban sake ba. Na gaya wa kaina cewa ba za ta canza ba, amma ba wannan ne dalilin ba. In ta daina, me zan ba su labari a kai? Dariyar nan ita ce take sa ni a gefensu na tebur, ba a nata ba, kuma ina son wurin.

A shekara ta tara aka tura ni bita Ambon ta kwana goma. Na bar Turawa biyu a gidan da za su tafi kafin in dawo, da wata budurwa daga Surabaya mai suna Ratri, ma'aikaciyar banki da ta zo hutu ta leƙa kifin da ke ƙarƙashin ruwa inda narkakken dutse ya gangara. Ko kaɗan ban kawo komai a raina ba. Ban ma yi tunanin ko tana jin Turanci ba.

Jirgin da ya dawo da ni shi zai tafi da ita. Ina saukowa cikin turereniya, masu dako suna ihu, sai na ji an riƙo hannuna. Ita ce, da jaka a baya, idonta duk ya yi wani iri.

"Yaya Lela, ki yafe min. Wallahi ban sani ba."

Ta gaya min a tsaye, da sauri, ana ta bangazar mu. Turawan sun tafi ranar Talata, Mama ta kasa jira, ta kawo mata littafin da shayi. Ta karanta shafin ƙarshe yadda yake. Mama ta buɗo baya ta nuna mata wani shafi ta ce, wannan fa? Ta karanta. Ta nuna wani. Ratri ta ce da ta ga abin da ke faruwa ta rufe littafin ta ce idonta na ciwo, Mama ta sake buɗewa ta ce mata, da lakabin da muke kiran budurwa da shi, "Nona, karanta, ba ke kika rubuta ba." Tun bayan azahar har aka kira la'asar.

"Akwai wanda ya rubuta a kanki," in ji Ratri. Ba ta iya kallon idona ba.

Na san shafin. Wasu mata da miji ne 'yan Ingila. Sun rubuta cewa duk wanda zai zo gidan nan ya zo don 'yar, domin labaran da take bayarwa na tsohuwarta mai taɓin ƙwaƙwalwa, a gaban tsohuwar, sun sa su dariya har da hawaye, kuma mafi daɗin abin shi ne tsohuwar tana taya su. Lokacin da na karanta wa Mama shafin, cewa na yi sun yaba da tarbiyyar da ta ba ni.

Daga tasha zuwa gida ba nisa, amma sai da na bi ta bayan tsohuwar ganuwa, na zaga ta kasuwa, na tsaya ina taya kifin da ba saye zan yi ba. Da na shiga, tebur na nan yadda yake, 'yar kujerar ce babu. Mama tana kicin tana gurza kwakwa. Ta amsa sallamata, ta tambayi hanya, ta tambayi ko teku ya yi kirki. Ta zubo min shinkafa da gauta da miyar kifi, ta kawo tebur ta ajiye, ta rufe da murfi, ta koma kicin. Tun da aka haife ni ban taɓa cin abinci ni kaɗai a gidan nan ba sai ranar.

Kwana biyu muna haka. Ba ta ɗaure fuska ba, ba ta yi min gori ba, da ta yi ma da na ji sauƙi. A rana ta uku na same ta a bayan gida tana fasa 'ya'yan gyaɗar ƙamshi, tana ware jan zaren da ke naɗe da ƙwallon gefe guda. Na ɗauki wuƙa na tsuguna kusa da ita.

"Mama, Nona Ratri ta gaya min."

"Yarinyar kirki ce. Ba ta cin yaji."

"Mama, ki yafe min."

Ta fasa guda uku kafin ta yi magana. "Bafaranshen nan mai gemu. Na sa ta karanta sau biyu, na ce ko ta tsallake layi. Me ya ce ma?"

"Ya ce gidan yana da tsabta, amma akwai sauro."

"Sauro." Ta yi 'yar dariya ta hanci. "Na gaya wa matan karatu kaf. Har matar liman sai da ta zo in koya mata miyar."

Wuƙar tana hannuna ban fasa ko ɗaya ba.

"Abin da suka rubuta bai dame ni ba, Lela. Baƙo ne, ya zo ya tarar da abin da bai saba ba, ya faɗa. Da na sani da na gyara. Amma dariyar nan." Ta ajiye wuƙarta. "Ina tsaye da ludayi, kuna dariya, ni ma ina yi. Har ina ce miki ƙara musu da na wando. In na shiga kicin sai in ce Alhamdu lillahi, 'yata ta iya zama da mutane."

"Mama, ban yi don in..."

"Da kin zaunar da ni kin ce, Mama, kunya suke ji in ana kallon su, da na yi fushin kwana biyu na daina. Kin bar ni shekara tara."

"Na taɓa gaya miki."

"Sau ɗaya," ta ce. "Su kuma kullum."

Na yi kuka, irin kukan da ba ya wanke komai. Ta bar ni na yi, sannan ta ce in tashi in ɗora ruwa, ta yafe min duniya da lahira, kada in sake tayar da maganar. Kuma na yarda ta yafe. Mama ba ta faɗin abin da ba shi ne a ranta ba, halin ƙarya ba daga wajenta na gaje shi ba.

Tun daga lokacin abinci a kwanuka masu murfi ake jera shi, kowa ya ɗebi abin da yake so. Ba ta shiga ɗakin baƙo sai ya tafi. Duwatsu, in sun tsinto, su tafi da abinsu. Ta daina rakiya tasha. Littafin ta fito da shi daga kabad ta ajiye a kan tebur da biro a gefe, wanda ya ga dama ya rubuta, ba ta ƙara cewa a karanta mata ba. Abin da ya fi ci min rai shi ne gidan ya ƙara cika. Yanzu yabo suke rubutawa na gaske, wai wuri ne mai natsuwa, ba mai takura maka, uwar gidan mace ce mai kunya da ba a cika ganin ta ba. Om Basir ya zo yana tsokana, wai tun da Sanaria ta yi ritaya jirginsa ya huta da wanki. Ta yi masa murmushi kawai. Ya tsaya yana jiran ta rama, ba ta rama ba, ya sosa ƙeya ya tafi.

Ni ma na daina ba da labari. In sun tambayi lokacin hawan dutse in gaya musu, in sun tambayi inda ake ganin kifi in nuna. Mama ta koma yawan ƙetarawa, ta gyara wata 'yar gonar rogo a inda gidan iyayenta yake da, takan wuni can ita kaɗai ta dawo da yamma.

Bayan shekara biyu, a lokacin iska, sa'ad da teku ke hauka baƙi suke ƙaranci, wata Bajamushiya ta sauka a gidan. Sunanta Margit, za ta yi shekara sittin, ita kaɗai. Ba ta hau dutsen ba, ba ta shiga ruwa ba. Takan zauna a baranda tun safe tana kallon ƙetare. Kwanukan kuma yadda aka kai su haka suke dawowa, sai cokali ɗaya ko biyu da aka taɓa. Mama takan buɗe murfin ta tsaya tana kallo. Washegari ta canza, ta yi kunun shinkafa. Ya dawo. Ta yi romon kaza da citta. Ya dawo. Na sha kama ta a bayan labulen kicin tana leƙe, tana murza bakin zanenta, amma ƙafarta ba ta ƙetare bakin ƙofar ba.

A rana ta huɗu, ranar Asabar ce ba makaranta, na kai abincin rana. Ina jera kwanukan Margit ta ce, "Mahaifiyarki a ina take cin nata?"

Na ce a kicin.

Ta juya cokali. Ta ce mijinta ya rasu bara. Tare suka shirya zuwa tsibirin nan, shi ne mai son duwatsu. Tun da ya tafi in ta zauna gaban faranti ita kaɗai abincin ba ya wucewa. "Na san ba daidai ba ne in tambaya," ta ce, "amma ko za ta yarda ta zauna da ni? Ba sai mun yi magana ba." Ta miƙa hannu ta jawo kujerar da ke kusa da ita.

Ban san lokacin da na isa kicin ba.

"Mama, ta ce ki zo ki zauna da ita."

Tana yanka albasa. Ba ta ɗago ba.

"Mijinta ne ya rasu. Ta ce ba ta iya cin abinci ita kaɗai. Ita ta tambaya da bakinta, ni ban ce mata komai ba."

"Allah ya jiƙan... Allah ya ba ta haƙuri," in ji Mama. Wuƙar ta ci gaba da tafiya.

"Mama, wallahi ita ta ce. Leƙa ki gani, har ta ja miki kujera."

Ta goge hannu ta ɗaga labulen kaɗan. Margit ta hango ta, ta yi murmushi, ta dafa kujerar. Mama ta mayar mata da murmushin, ta ɗan sunkuyar da kai, ta saki labulen.

"Duk haka suke murmushi," ta ce.

Na rantse mata da Allah. Na rantse da kabarin babana, abin da ban taɓa yi ba. Na maimaita mata maganar matar kalma bayan kalma, kuma ina faɗa ina jin yadda take fita daga bakina: baƙuwa mai kaɗaici, abinci ba ya wucewa, ba sai an yi magana ba. Da zan ƙirƙiro ƙarya don in faranta mata, da wannan zan ƙirƙiro, ba ƙari ba ragi. Mama ta tsaya tana kallona, ba da fushi ba, da tausayi.

"Na san kina so ki gyara, Lela. Allah ya yi miki albarka. Amma ya isa haka." Ta zuba ruwan lemun tsami a kofi ta miƙo min. "Kai mata. Ki ce ina aiki."

Na fito da kofin a hannu. Margit tana nan yadda na bar ta, hannunta a kan kujerar, ta ɗago tana duban bayana ko wani na biye da ni.

"Me ta ce?"

Na ajiye kofin a gabanta. Na ce, "Ba ta yarda kin faɗa ba."